Kan famfo: mai ƙyalli ko mai jure wahala? Tambayoyi da amsoshi

Tun da burtsatse mai sola ta fara yawaita a ƙauyukanmu, gidan da a da sai an je rijiya ko a jira ɗan garuwa, yanzu yana da tanki a sama da famfo biyu ko uku a ƙasa. Da zuwan famfo kuma sai wata sabuwar shawara ta taso: wane irin kai za a ɗaura? Aikina ke nan, ina yawo da jakar sifana tsakanin ƙauyukan Wudil da Gaya har zuwa Dutse, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda nake sha a bakin masu gida, da matan gida ta bayan labule, da 'yan kwamitin masallaci. Na tattara su ne don na gaji da maimaitawa a kan babur.

Malam, launin kan famfo ba ado ne kawai ba? Me ya haɗa shi da ƙarko?

Abu biyu ne a jikin kowane kan famfo, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai gangar jikin, wato ƙarfen da aka zuba aka ƙera shi da shi. Akwai kuma fatar da aka lulluɓe shi da ita, wadda ido yake gani. Gangar jiki tana iya zama tagulla, ko sitenles irin na kwanukan silba, ko haɗin zinki, ko roba. Fata kuwa tana iya zama kurom mai sheƙi kamar madubi, ko nikel mai dishi-dishi, ko baƙi, ko ruwan gwal.

Fatar ita ce ke nuna maka yawan gugar da za ka riƙa yi. Gangar jikin ita ce ke nuna shekarun da famfon zai yi. Idan aka shafa kurom a kan tagulla, ya zauna. Idan aka shafa shi a kan zinki mai arha, ranar da ruwa ya sami 'yar kafa ya shiga ƙarƙashi, sai ka ga fatar ta fara ƙuraje, daga nan ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. A shago kuwa su biyun iri ɗaya suke ƙyalli.

To ta yaya zan gane abin da ke ƙarƙashin fatar tun a kasuwa?

Ka ɗauka a hannu. Tagulla ta fi zinki nauyi, kuma idan ka riƙe biyu masu girma ɗaya, hannunka zai faɗa maka kafin mai shago ya buɗe baki. Sannan ka juya shi ka leƙa cikin bakin da ake ɗaurawa a bututu, inda haƙoran suke, domin a nan ba a cika shafa komai ba. In ka ga rawaya, tagulla ce. In ka ga toka-toka, zinki ne. Wasu masu wayo suna fesa ruwan ɗorawa a wurin, don haka in mai shago ya yarda, ka ɗan kankara da bakin mukulli.

Maganaɗisu, wanda wasu ke yawo da shi, ba ya raba gardama yadda ake zato. Ba ya kama tagulla, ba ya kama zinki, kuma sitenles mai kyau da mara kyau duk suna iya ƙin kama shi. Amfaninsa ɗaya: in ya manne ƙam, to akwai baƙin ƙarfe a ciki, ka yi tunanin tsatsa.

Sitenles kuma hawa-hawa ne. Wanda ake nema shi ne mai lamba 304, da ke ɗauke da kurom kusan kashi 18 cikin ɗari da nikel kusan kashi 8. Akwai mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel don a sauko da farashi, kuma ya fi saurin fitar da ɗigon tsatsa. Lambar da aka buga a jiki ba rantsuwa ba ce, amma famfon da ba shi da lamba, ba shi da sunan kamfani, kwalinsa ma fari fat, to ka san abin da ka saya.

In da hali, a sayo a inda kayan gini suka taru, kamar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, inda za ka iya jera guda biyar ka gwada. A kasuwar mako, irin ta Wudil ranar Juma'a, ana samu, sai dai zaɓin kaɗan ne.

Ruwan burtsatsenmu yana barin fari-fari a jikin komai. Wane iri ne ba zai nuna ba?

A nan maganar take, kuma da za a bi ta tawa, da ba wanda zai sayi kan famfo sai ya fara sanin ruwan gidansa.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana narkar da abin da ya ratsa. A wasu wuraren yana ɗauko sinadaran kalsiyam da maganiziyam, shi ne ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa da sauri, wanda mata ke kukan yana cinye musu omo. Idan ɗigonsa ya bushe, ruwan ya tafi, sinadaran su zauna, su zama farin tabo. Yau da gobe ya zama ɓawo mai tauri a bakin famfo. A wasu wuraren kuma ƙarfe ne a cikin ruwan: yana fitowa garau, amma in ya kwana a bokiti sai ya yi ja-ja, kuma tabonsa launin tsatsa ne. Ƙauyuka biyu da ke kallon juna suna iya bambanta, har ma burtsatse biyu a gari ɗaya in zurfinsu ba ɗaya ba.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Leƙa cikin tukunyar da ake dafa ruwan zafi kullum, ko butar shayi. In gindinta ya yi farin ɓawo, ruwanku mai barin fari ne. Ɗebi ruwa a farin bokiti ka rufe ya kwana. In ya sauya launi, akwai ƙarfe.

Ga mai farin tabo, sitenles mai dishi-dishi ko nikel mara sheƙi sun fi rufa asiri, domin launinsu ya yi kusa da na tabon. Kurom yana nuna kowane ɗigo, amma yana da wata falala: santsinsa ba ya barin ɓawo ya kama da ƙarfi, kuma yana jure ɗan tsami in an zo wankewa. Baƙi shi ne ya fi shan kunya. Farin tabo a kan baƙin famfo kamar alli ne a allon makaranta.

Ga mai jan tabo kuwa, farar roba ce ke fara komawa launin goro, kuma ba ta dawowa. Kurom da sitenles suna gogewa.

Ni dai baƙin nan nake so, irin wanda ake gani a gidajen birni a Facebook. Laifi ne?

Ba laifi, Hajiya, kuma ni ma na yarda yana da kyau a kan farin tayil. Amma ki san abin da kika ɗauka. Gidajen da kike gani a hoto tagoginsu a rufe suke, kuma an goge famfon minti biyar kafin a ɗauka. Mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta neman izini, ta ƙarƙashin ƙofa ma shigowa take. Ƙura a kan baƙi, ga farin tabon ruwa, ga kumfar sabulu da ta bushe.

Yawancin baƙaƙen da ke kasuwa fenti ne aka gasa a jikinsu. Zobe, ko bakin tukunya, ko sifanar mai ɗaurawa in bai naɗa tsumma ba, duk suna iya yi masa ƙwarzane, kuma da ya ƙwarzanu farin ƙarfen ciki zai leƙo. Ba a kuma wanke shi da abu mai tsami ko mai kaushi, sai ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi, a tsane shi bayan an gama.

In kina da banɗaki na cikin ɗaki wanda ke da maigida kaɗai ke shiga, kuma ba ki ƙi goge shi kullum ba, ki sa abinki. A tsakar gida inda yara goma ke wanke hannu, ban ba ki shawara ba.

Mai ruwan gwal fa? Za mu yi wa amarya jere, ana so banɗaki ya dace da kayan ɗaki.

Ruwan gwal iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a masana'anta cikin wata na'ura da aka zuƙe wa iska, a manna wani siririn sinadari mai tauri a jikin ƙarfe. A kwali za ka ga an rubuta PVD. Wannan yana jure ƙwarzane fiye da yawancin sauran, launinsa ba ya saurin kodewa, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Akwai kuma wanda aka yi wa fenti ko aka shafa wa launi sama-sama aka bi da man sheƙi. Wannan shi ne ya cika kasuwa, kuma shi ake yi wa kallon kitse alhali rogo ne.

Na taɓa ɗaura irinsa guda uku a wani gida ana saura kwana huɗu ɗaurin aure. Na faɗa wa uwar amarya ra'ayina, ta ce ai 'yan ganin ɗaki ba za su leƙa cikin haƙora ba. Gaskiyarta. Bayan sallah babba aka kira ni gyaran wani abu daban, na tarar da marikin ya koma fari daidai inda yatsa ke taɓawa, sauran jikin kuma dabbare-dabbare. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

In kuɗin na gasken bai samu ba, kurom mai kyau ya fi gwal na ƙarya mutunci bayan shekara ɗaya. Araha ba ta ado.

Me ya sa kullum kai kurom kake cewa a saya? Ko kana da riba a ciki ne?

Da ina da riba da na ce ku sayi mai saurin lalacewa. Dalilina shi ne ya fi kowanne samuwa, don haka in marikinsa ya karye ko abin cikinsa ya mutu, za a sami madadi a kusa. Yana dacewa da kowane launin tayil. Kuma tsumma mai ɗanshi ya ishe shi.

Rauninsa shi ne fatar siririya ce ƙwarai, ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, a kan wani shafin nikel da ke ƙarƙashinta. Duk abin da ya kankare ta, ya tafi ke nan. Don haka a kicin, inda ake kai-kawo da tukwane, na fi son sitenles, domin shi ba fata gare shi ba, ciki da waje abu ɗaya ne. In ya ƙwarzanu, ƙwarzanen ne kawai, ba abin da zai ɓare.

Da me za a wanke? Mu mun saba da toka da yashi da soson ƙarfe.

Ukun nan na gindin tukunya ne. A kan famfo su ne ajalinsa. Yashi da soson ƙarfe suna yanka fatar da ƙananan layuka, ƙura da tabo su sami wurin zama, sai famfon ya dushe, sai a ƙara dirzawa, sai ya ƙara dushewa. Soson ƙarfe yana kuma barin ɓurɓushinsa a jikin sitenles, ɓurɓushin ya yi tsatsa, a ce famfon ne jabu.

Na kullum: ruwa, ɗan sabulun wanke-wanke, tsohuwar singileti mai laushi. A ɗauraye, a tsane. Tsanewar ita ce rabin aikin, domin tabo ba ya samuwa sai ruwa ya bushe da kansa.

In farin ɓawo ya riga ya kama kurom ko sitenles, tsami ne ke narkar da shi. A matse lemon tsami, ko a haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tsumma a naɗe wurin na kamar minti 15 zuwa 20, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye sosai. Jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace ma tana yi. Kada a bari ya kwana. Kanwa ba ta yin wannan aikin. Ita maiƙo take cirewa, ba ɓawon ruwa ba. Baƙi da gwal da nikel kuwa, in ya zama dole, a tsarma tsamin da ruwa mai yawa, a fara gwadawa a bayan famfon inda ba a gani, a wanke nan take.

Ruwan wankin masai da Hypo fa? Ai suna kashe ƙwayoyin cuta.

Suna kashewa, suna kuma kashe famfo. Yawancin ruwan wankin masai mai ƙarfi asid ne, yana cin kurom ya bar baƙin tabo da ba ya fita. Bilic irin su Hypo kuma, in ya daɗe a jikin sitenles, yana huda shi da ƙananan ramuka. In ya fallatsa, a ɗauraye da ruwa mai yawa nan da nan.

Wannan kuma a gaya wa duk wanda ke wanke banɗaki, musamman 'yan mata: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wankin masai, ko da khal, ko da lemon tsami. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai guba, kuma banɗakunanmu ƙanana ne, tagarsu tafin hannu.

Famfon tsakar gida da ke cikin rana, wanne ya dace?

Nan ba wurin ado ba ne. Rana tana busar da roba har ta yi gautsi, wata rana yaro ya murɗa ta ɓalle a hannunsa. Baƙi yana zuƙar zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai an sa gefen zani kafin a taɓa shi da azahar. Tagulla tsirara, wadda ba a shafa mata komai ba, ita ce jakin gida: za ta yi duhu, wani wurin ta yi kore-kore, amma ba ta ɓarewa domin ba abin ɓarewa. Mai son ta yi haske sai ya goga lemon tsami da ɗan gishiri ya ɗauraye.

Abin da ke karya famfon waje ma ba rana ba ce, rataya bokiti ne. Lita 20 na ruwa kilo 20 ne, an ɗora a wuyan da bai wuce rabin inci ba. A gina ɗan dakali a ƙasa yadda jarka za ta zauna bakinta ya kai, a kuma ɗaure bututun da bango.

Mu 'yan kwamitin masallaci ne. Wajen alwala za mu sa famfo goma sha biyu.

Allah ya saka da alheri, Alhaji. A nan zan saɓa wa abin da na faɗa a sama: kada ku sa tagulla. Tana da daraja a wurin masu sayen gwangwan, kuma wajen alwala a buɗe yake kwana. Sau da yawa ana wayar gari a tarar an kwance su, ruwan tanki ya tsiyaye ƙasa. Ku sa na roba mai kauri in akwai rumfa, ku sayi ƙarin guda shida ku ba ladan ya ajiye, ku nuna masa yadda ake naɗa farin tef a ɗaura. Ku sa makunni guda a babban bututu wanda za a rufe bayan isha'i. Duk su zama iri ɗaya, don kada gyara ya zama yawon kasuwa.

Na ji an ce tagulla tana da dalma. Za a iya shan ruwanta?

Ana sa 'yar dalma a wasu nau'o'in tagulla don ta yi sauƙin ƙira, kuma ruwan da ya daɗe kwance a cikin famfo yana iya ɗaukar kaɗan daga ciki. Shi ya sa a Amurka tun 2014 doka ta taƙaita dalmar da ke sassan da ruwan sha ke taɓawa zuwa kashi 0.25 cikin ɗari. Kayan da ke shigo mana ba duka ne aka yi su bisa wannan ƙa'ida ba. Dalma ta fi yi wa ƙananan yara da masu ciki illa, don haka famfon da ake ɗibar ruwan sha da na girki, in da hali, a sa sitenles 304. In tagulla ce a wurin, da safe a bar ruwan farko ya ɗan zuba a bokiti, a yi shara ko ban-ruwan shuka da shi, sannan a tari na sha.

Na sayi mai tsada mai hannu ɗaya, amma ruwa ɗis-ɗis yake fitowa. An cuce ni ne?

Wataƙila ba a cuce ka ba, tankinka ne bai kai ba. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa: kowace mita 10 tana ba da abin da ake kira "bar" guda ɗaya a ma'aunin matsin ruwa. Tankunanmu na ƙauye mita 3 ne ko 4, wato wajen sulusin haka. Da yawa daga cikin famfunan nan na zamani an ƙera su ne don gidajen da injin ke tura ruwa, hanyoyin cikinsu matsattsu ne.

Kafin ka yanke hukunci, kwance 'yar ragar da ke bakin famfon ka duba. Sabuwar burtsatse tana turo yashi, kuma ragar nan take toshewa. Wanke ta, jiƙa ta a ruwan lemon tsami in ta yi ɓawo, mayar. Yashin nan kuma shi ke cinye faifan tangaran da ke cikin famfon da ake buɗewa da murɗa rubu'in zagaye kawai, ya fara zuba. Matacin ruwa guda a bakin fitar tanki ya fi arha a kan sauya kawunan famfo huɗu. Inda yashi ya yi yawa, tsohon yayi mai 'yar roba a ciki ya fi, domin robar ake sauyawa, ba famfon ba.

Dole ne duk na gidan su zama launi ɗaya?

A'a. Na cikin banɗaki ɗaya dai su dace da juna, famfo da shawa da marataya tawul. Wanda ke kicin bai san da na tsakar gida ba.

Lalle da rini suna ɓata shi?

Kurom da sitenles ba sa kamawa in an ɗauraye da wuri. Farar roba tana kamawa, haka mai dishi-dishi yana riƙe launi a cikin layukansa. Man gashi mai sa laushi da ruwan cire jan farce su ne suka fi cin fentin baƙi da na gwal. Ranar ƙunshi, a ɗebi ruwa a roba a wanke a gefe.

Fatar nawa ta riga ta fara ɓarewa. A yi masa fenti ko a jefar?

Fentin gwangwani ba ya zama a kan kurom, sati biyu zai fara saɓulewa. Duba abin da ya bayyana a ƙarƙashi. In rawaya ne, tagulla ce, famfon lafiyarsa ƙalau, muninsa ne kawai. Kwance shi ka mayar bayan gida ko wajen shayar da dabbobi, ka sa sabo a inda baƙi ke gani. In toka-toka ne mai fitar da farin gari, zinki ne ya fara ruɓewa, kuma irinsa a wuya yake karyewa, ya bar haƙoransa a cikin bututu. Cire shi tun yana fita da sifana. Ka rufe makunnin tanki kafin ka fara, ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu don a auna maka bakin, rabin inci ne ko uku bisa huɗu.